Babi na 7: Aikin kwana goma, da waɗanda aka bari a ƙofa

A ranar 21 ga Maris 2020 gwamnatin Togo ta rufe hanyoyin shiga da fita na garuruwa huɗu: Lome, Tsevie, Kpalime da Sokode. Mako biyu ke nan da tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar. Ranar 1 ga Afrilu Shugaba Faure Gnassingbe ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka hana fitar dare a Lome da kewayenta, daga baya dokar ta isa gundumar Tchaoudjo, wadda Sokode ne babban garinta. Ga azumi ya ƙarato. Sokode garin Musulmi ne, kuma duk wanda ya taɓa yin azumi a gari irinsa ya san cinikin mai ƙosai da mai koko da mai shayi daga shan ruwa yake farawa. An hana fita a daidai lokacin da kuɗi ke shigo musu. Ɗan zemijan, wanda mu muke kira ɗan acaɓa, an ce masa kada ya ɗauki fasinja. Mutanen da sai sun fita suke ci aka ce su zauna a gida.

Ranar 8 ga Afrilu gwamnati ta ƙaddamar da Novissi, shirin tura kuɗi ta waya ga masu ƙananan sana'o'i. Ma'aikatar fasahar sadarwa, ƙarƙashin minista Cina Lawson, ita ta gina shi cikin kusan kwana goma. Kafin zagayen farko ya ƙare, mutum kimanin 567,000 sun karɓi kuɗi, wajen kashi biyu cikin uku mata ne, an raba sama da sefa biliyan 11.

Da wannan labari nake buɗe darasin tafiyar da aiki da ƙirƙirar haja ga ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma ba don in yabi gwamnatin Togo ba. Dalilina shi ne ban san wani misali na kusa da gida da ya tara saurin aiki da tsadar saurin a wuri guda kamarsa ba.

Ɗalibin digiri na biyu ba ya zuwa aji hannu rabbana. Ya san jadawalin Henry Gantt, wanda ya haura shekara ɗari ana zana shi, kowane aiki da sandarsa a kwance daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Ya ji labarin dabarar da kamfanin DuPont ya fito da ita a 1957, ta gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara duka sun makara, da 'yar'uwarta da sojan ruwan Amurka suka yi aikin makami mai linzami na Polaris da ita a 1958. Wanda ya fi karance-karance zai kawo maganar masu rubuta manhaja goma sha bakwai da suka taru a jihar Utah a 2001, suka ce a daina ɓata shekara ana tsara takarda, a fitar da ƙaramin abu mai aiki, a ga yadda mutane suka karɓe shi, a gyara. Duk kayan aiki ne masu kyau, ina koyar da su kuma ina jarraba ɗalibai a kansu. Inda gizo ke saƙar shi ne misalan da aka saba haɗa su da su. Tsarin koyarwa da labarin kamfani, wanda makarantar kasuwanci ta Harvard ta yaɗa tun shekarun 1920, ya zo mana da kamfanoninsa a goye. Sai ka ga ɗalibin da ya tashi a Dapaong, a arewacin Togo, yana muhawara da zafi a kan kamfanin jirgin sama na Amurka, inda kowane mai saye yana da adireshi da asusun banki da takardar haihuwa. Bai taɓa zama ya tambayi kansa yadda ake gane mai saye a inda babu ko ɗaya cikin ukun ba.

Saboda haka nakan tsayar da labarin a ranar 1 ga Afrilu, in ce kowa ya rufe waya. Ga halin da ake ciki: ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2010. Babu rajistar talakawa ta ƙasa baki ɗaya. Masu katin ɗan ƙasa ba su da yawa. Tara mutane a layi haramun ne, don cutar ake gudu. Kuna da kwana goma. Me za ku gina?

Amsoshin ba sa wuce uku. Wasu su ce a yi manhaja a sa a wayar zamani, da hoto da taswira. Wasu su ce a kafa kwamiti a kowace unguwa, da mai unguwa da liman da shugabar mata, su kawo sunaye. Wasu su ce a tura matasa gida-gida da takardar tambayoyi. Ba sai na rushe ko ɗaya ba, su da kansu suke rushe wa juna. Mai tallan ƙosai ba ta da wayar shafawa. Kwamiti zai ci wata guda kafin a daidaita kan wanda zai shugabance shi, kuma sunan ɗan'uwan mai unguwa ne zai zo a layin farko. Masu bin gida-gida kuwa su ne za su raba cutar. A nan ne wani yakan ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai babu mafita." Daga wannan wurin darasin yake farawa.

Mutanen Lawson sun yanke shawarwari kaɗan ne, amma kowace da nauyinta. Ta farko, ba manhaja. Mutum ya danna *855# a kowace irin waya, har 'yar rakani-kashi, ba ya bukatar intanet, ya amsa tambayoyi, kuɗi su shigo ta T-Money na Togocom ko Flooz na Moov. Ba su gina sabuwar hanyar biya ba, sun hau wadda take akwai.

Ta biyu ita ce zuciyar aikin. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 22 ga Fabrairu, mako shida kacal kafin nan, saboda haka rajistar masu zaɓe sabuwa ce, da sunaye kusan miliyan 3.6. A jikin rajistar akwai inda mutum yake zaune, akwai sana'arsa. Ga dabarar da nake so ɗalibi ya gani da idonsa: ranar da tela ya ce wa jami'in rajista shi tela ne, bai san wata rana kuɗi za su biyo wannan kalmar ba. Ba shi da dalilin yin ƙarya. Da a ce ranar 8 ga Afrilu aka tambayi jama'a sana'arsu, da rabin ma'aikatan gwamnati sun wayi gari 'yan tireda. Bayanin da aka tara don wata manufa daban ya fi gaskiya, daidai saboda ba don wannan aka tara shi ba. Kwamfuta ta duba lambar kati, ta ga unguwa tana cikin inda aka hana fita, ta ga sana'a ba ta albashi ba ce, sai ta biya. Ba a bi ta hannun kowa ba, balle a nemi na goro.

Ta uku, yawan kuɗin. Mafi ƙarancin albashi a lokacin sefa 35,000 ne a wata. Aka ba mata kashi 35 cikin ɗari na wannan, wato 12,250, maza kashi 30, wato 10,500, 'yan zemijan aka yanka musu 20,000. Ba a biya a dunƙule ba, rabi-rabi ake turawa duk mako biyu. Ɗalibai maza sukan yi gunaguni a kan bambancin, sai ɗalibai mata su tambaye su wa ke sayen gawayi da magi a gidajensu. Amma akwai wani lissafi bayan na tukunya. A gidan da waya ɗaya ce, kuma a hannun maigida take, fifita kason mace ya ba shi dalilin barin ta ta yi rajista da sunanta. Sefa 1,750 ce tsakani, kuma da ita aka saye hankalin maigida. Wannan shi ne ƙirƙirar haja, ko da ba a ƙera komai da ƙarfe ba.

Idan aka tsaya a nan, ɗalibai za su tafa, su rubuta cewa sauri da sauƙi su ne sirri, su tafi. Ni kuma a nan nake ɗauko taswira in sa yatsa a kan Sokode.

Katin zaɓe ba takarda ce marar tarihi ba, musamman a wannan garin. A Sokode ne zanga-zangar 19 ga Agusta 2017 ta fi zafi, wadda jam'iyyar adawa ta PNP ta Tikpi Atchadam ta kira, aka rasa rayuka. A 2018 gamayyar jam'iyyun adawa goma sha huɗu ta ce wa magoya bayanta kada su yi rajistar zaɓe. An sake buɗe rajista a 2019, da yawa sun je sun yi, amma wanda ya tsaya kan bakansa ya wayi gari a 2020 ba shi da lambar da zai danna. Ba don ya fi maƙwabcinsa wadata ba, sai don ra'ayin da ya riƙe shekara biyu baya. 'Yan adawa sun ɗaga wannan magana tun a makon farko, gwamnati ta ce babu wata takarda da ta kai katin zaɓe yaɗuwa a hannun jama'a. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma abin da ke ba ɗalibi wahala ke nan, domin ya saba da jarrabawar da amsa ɗaya ce daidai.

Akwai kuma wanda ko a muhawarar ba a cika ambatonsa ba. Katin zaɓe na ɗan ƙasa ne da ya kai shekara 18. Mai nama da ya zo daga Dogondutsi, mai gyaran takalmi daga Tawa, mai sayar da agogo daga Sakkwato, yarinya 'yar shekara goma sha shida da tallanta ke ciyar da kakarta, duk dokar hana fita ta hau kansu kamar kowa, amma lambar *855# ba ta san da su ba. Mai karatu Bahaushe ya san waɗannan mutane, wataƙila ɗan'uwansa na cikinsu.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan hanya. Unguwar Didaure ta Sokode ta girma ne da fataucin goro, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Sakkwato, ya bi ta Nikki da Djougou, ya ratsa ƙasar Kotokoli zuwa Salaga a Gonja, wasu kuma su bi ta arewa ta Sansanne-Mango. Ayarin yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da uban dawaki, yana da malami mai rubutu da duba ranar tashi. Madugu ma yakan bar mutum a baya. Wanda jakinsa ya gurgunce ko ciwo ya kwantar da shi, ba za a tsayar da mutum ɗari saboda shi ba. Sai dai madugu ya san sunansa, ya san a wane zango ya bar shi da hannun wa, kuma zai haɗu da danginsa in ya koma gida. Wanda kwamfuta ta ƙi ba ya bayyana a rahoton kowa. Rahoto yana ƙirga wanda aka biya ne. Shi ya sa doka ta farko a ajina ita ce: duk tsarin aikin da ɗalibi zai miƙo, bayan jadawali da kasafi da jerin haɗurra, sai ya ƙara shafi guda da ya bayyana wanda wannan tsari zai bari a waje, da sana'arsa da unguwarsa, da dalilin da ya sa aka yarda a bar shi. Ban hana a bar kowa ba, aikin da ya ce zai ɗauki kowa ba ya tashi. Abin da na hana shi ne a bar mutum ba a sani ba.

Zagaye na biyu ya kai mu arewa. Talaucin Togo ya fi kauri a karkara, musamman yankin Savanes, wanda Dapaong ce hedikwatarsa, sama da kilomita 600 daga Lome, dab da iyakar Burkina Faso. A can dabarar sana'a ba ta raba komai, domin kusan kowa manomi ne a katinsa. Kuɗin da ƙungiyar GiveDirectly ta kawo, kimanin dala miliyan 10, ba za su ishi kowa ba. Sai gwamnati ta haɗa hannu da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikinsu akwai Joshua Blumenstock da Emily Aiken. Da hotunan tauraron ɗan'adam, masu nuna irin rufin gidaje da hanyoyi da gonaki, aka jera ƙananan yankunan mulki na ƙasar da ake kira kanto, su kusan 400, aka ware 100 mafiya talauci. Sannan a watan Satumba 2020 aka buga wa mutane kusan dubu tara waya aka tambaye su halin zamansu, aka haɗa amsoshin da yadda kowannensu yake amfani da layinsa: yawan kira, tsawonsa, kuɗin da yake sawa, ko yana sayen intanet. Daga waɗannan misalai kwamfuta ta koyi kintatar talaucin wanda ba a taɓa tambaya ba. Aka fara biya a watan Nuwamba, daga baya aka faɗaɗa zuwa kanto 200, mutum kusan 140,000 suka amfana.

Abin da ya sa wannan zagaye ya dace da aji shi ne masu aikin sun auna kansu sun buga sakamakon a mujallar Nature a 2022. In aka gwada da zaɓen mutane ta yankin da suke zaune kawai, dabarar waya ta rage yawan talakawan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari. In kuma aka gwada da cikakkiyar rajistar gidaje, wadda Togo ba ta da ita a lokacin, dabarar ta fi ta kuskure da kashi 9 zuwa 35. Ba kasafai mai haja yake faɗin inda hajarsa ta gaza da lamba ba. Nakan ce wa ɗalibai su dubi waɗannan lambobi biyu su gaya mini ko aikin ya yi nasara. Wanda ya ce eh, sai in tambaye shi da me ya gwada. Wanda ya ce a'a, in tambaye shi me ke hannunsa a watan Nuwamba 2020 da ya fi wannan.

Shafin waɗanda aka bari kuwa ya ƙara tsawo. Tsohuwar da ba ta da waya ko kaɗan, wadda a ƙauye ita ce ta fi kowa bukata. Gidan da mutum biyar ke amfani da layi ɗaya, kwamfuta tana ganin mutum guda mai yawan kira. Sai tambayar da ɗalibai 'yan zango suke saurin kamawa: ɗan ci-rani da ke kiran gida Maraɗi duk Juma'a, kiran ƙasar waje da ke layinsa alamar wadata ce ko alamar nisa da gida? Da kuma tambayar da ba ta lissafi ba, wato ko mai jin yunwa da aka ce ya yarda a duba bayanan wayarsa kafin a ba shi kuɗi yana da ikon cewa a'a.

Sai abin da ya faru a Dapaong kanta. A watan Janairu 2021 cutar ta yi yawa a can, aka rufe gundumarta, Tone, da maƙwabtanta, aka sa dokar hana fita. A watan Fabrairu aka buɗe Novissi ga yankin Savanes, kuma a wannan karon ba a tsaya tace mutane da kwamfuta ba. Babba mai katin zaɓen yankin ya danna lamba ya karɓa, in dai ba mai albashi ba ne. Mutanen da suka gina sabuwar na'urar tacewa sun ajiye ta a gefe a inda talauci ya game kusan kowa, domin a irin wannan wuri kuɗin da za a ɓata kan wanda bai cancanta ba bai kai illar tsallake wanda ya cancanta ba. Ɗalibin kasuwanci yana shan wuya kafin ya haɗiye wannan. An koya masa cewa sabuwar dabara tana maye gurbin tsohuwa. A ganina wannan ita ce shawara mafi balaga a duk tarihin shirin, kuma ita ce ba ta shiga jaridun duniya ba.

Aikin fili nake rufe zangon karatu da shi, kuma ba shi da tsada. Jami'ar Kara, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 2004 kuma tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, tana kan babbar hanyar ƙasa tsakanin Sokode da Dapaong, saboda haka ɗalibinta zai iya yini a kasuwar Sokode ko ta Dapaong. Wanda ke Kano ko Damagaram yana da kasuwarsa. Aikin shi ne ya bi kuɗi daga saƙon waya har su zama mudun masara. A nan yake gano cewa jerin ayyukan da ba sa ɗaukar jinkiri bai ƙare a kwamfutar ma'aikata ba. Ya bi ta kan mai rumfar cire kuɗi, wanda in mutum ɗari uku suka zo masa rana ɗaya tsabar da ke akwatinsa za ta ƙare kafin azahar. Ya bi ta kan yaron da ke karanta wa uwarsa saƙon Faransanci, ita kuwa yaren Moba take ji ko na Tem. Ya bi ta kan mai cajin waya a garin da babu lantarki. Babu ɗayansu a jadawalin da ɗalibin ya zana a aji, kuma kowannensu zai iya tsayar da aikin.

Gwamnatin Togo ta san raunin katin zaɓe. A 2020 ɗin nan majalisa ta zartar da dokar ba kowane mazaunin ƙasar lambar shaida ta musamman da hoton yatsu, ɗan ƙasa ne ko baƙo, aka kafa hukuma don haka, Bankin Duniya ya sa kuɗi. Wannan aikin ba na kwana goma ba ne, shekaru ya ci. Kafin ya kankama, Savanes ta shiga wani hali: harin 'yan bindiga a Kpekpakandi a watan Mayu 2022 ya kashe sojoji takwas, aka sa dokar ta-ɓacin tsaro a yankin a watan Yuni, dubban mutane suka baro ƙauyukan iyaka da Burkina Faso suka kwararo Dapaong da kewayenta. Tambayar jarrabawar ƙarshe daga nan nake ɗauko ta. An ba ka kuɗin tallafa wa gidaje dubu ashirin a gundumar Tone. Wasu 'yan gari ne da suka karɓi baƙi, wasu 'yan ƙasa ne da katinsu ke nuna ƙauyen da suka gudo daga gare shi, wasu kuma ba su da katin Togo sam. Kawo jadawali, kawo kasafi, kawo shafin waɗanda za ka bari. Rabin makin yana kan shafin nan na uku.